Raƙumar Layi Na Huɗu

Yayata shekara goma sha huɗu ta yi tana ɗinka kwalar riga. Kwala kawai, ba hannu ba, ba aljihu ba. In ka ba ta yadi ka ce ta ɗinka maka riga sukutum, wallahi sai ta tsaya tana kallon ka, amma kwala kam ko idonta a rufe za ta kafa maka ita ba karkata. Haka ake aiki a masana'antarmu. Kekunan ɗinki ashirin da biyu ne jere a kowane layi, riga ta shigo ta wannan kai a yanke, ta bi hannu-hannu har ta fita ta wancan kai da maɓallanta. A layi na huɗu Yaya ce ta tara, ni ce ta goma, ina haɗa hannun riga. Abin da ya fito daga kekenta shi ke faɗowa cikin kwandona. In ta tsaya na tsaya, na bayana ma duk sun tsaya.

Ɗakin dogo ne mai rufin kwano, tagoginsa can sama, ba abin da kake gani ta cikinsu sai haske. Fanka shida ce, biyu sun mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. Banɗaki biyu ne a ƙarshen baranda, mu kuwa mata sama da tamanin. Makullin yana rataye a wuyan shugabar layuka, wadda muke ce wa Mai Makulli in ba ta kusa. Kar in ɗauki alhakinta, ba ta taɓa hana kowa ba. Sai dai ki ɗaga hannu, ta tako a nutse, ta cire ta miƙa miki, duk layi na kallon ki. Kafin ki je ki dawo minti bakwai ya tafi, riguna sun taru a gabanki, na bayanki sun naɗe hannu suna hura hanci. Ga kuma allo a bango da yawan rigunan da kowane layi zai fitar a yini. Layin da bai cika nasa ba, ko an kaɗa ƙararrawar ƙarfe biyar ba ya tashi, zama zai yi har sai ya cika.

To sai mata suka nemo dabararsu, ba wanda ya sa su. Dabarar ita ce kar a sha ruwa.

Yaya ta shiga wurin ne bayan rasuwar mijinta, da yara uku, ƙaramar tana goye, ga Ummanmu a hannunta. Ba ta da wani aikin da za ta koma, saboda haka ta riƙe wannan da haƙori. A dabarar ƙin shan ruwa kuwa ba a taɓa yin kamarta ba, shi ya sa aka laƙaba mata Raƙuma. Kuma tana son sunan! In an kira ta da shi har wani ɗaga kai take yi. Shekara da shekaru hannunta bai taɓa makullin nan ba. Ko a hutun azahar, lokacin da muke turereniya a bakin banɗaki, ita da alwalarta ta safe take salla, ta ci abincinta a bushe, ta kuskure baki ta zubar kamar mai azumi.

Ranar da zan fara aiki na cika gorar ruwa na saka a jaka. A bakin ƙofar gida ta zaro ta, ta ajiye a kan taga.

"Ina za ki da wannan? Yawon shan iska za ki?"

"Yaya, zafi fa ake yi."

"Ki sha da yamma har cikinki ya yi ƙara. Da safe kurɓa uku, shi ke nan sai an tashi. Ungo."

Maɓalli ta ba ni, ƙarami fari. Ta ce in sa shi ƙarƙashin harshe in maƙogwaro ya bushe, yawu zai kawo kansa. Duk sabuwar da ta shigo layi na huɗu sai Yaya ta ba ta maɓallin nan da wannan karatun, kuma da zuciya ɗaya take yi, taimako ne a wurinta. Ni ma na yi mata godiya, shashasha da ni.

Ciwon bai zo mata da hayaniya ba. Da farko zafin fitsari ne, sai ta ce sanyi ne, wace mace ce ba ta da shi? Ta biya kemis ta sayo kafso, ta sha kwana biyu, da ya lafa ta watsar da sauran. Bayan wata uku ya dawo, ta sake komawa. Wata rana na shiga bayi a bayanta na ga abin da ta bari kafin ta kora ruwa, jawur kamar shayin da ba madara. Na yi mata magana, ta ce in ba ni da aikin yi in je in wanke wa Umma kaya. Daga nan sai ciwon baya, ta gefen hagu, ƙasan haƙarƙari. Ta ɗora wa kujera laifi, ta riƙa ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwali, tana haɗiyar maganin ciwon jiki bibbiyu, shi ma da yawu take tura shi. Bayan kamar shekara ciwon hagun ya yi shiru da kansa. Ta ce, "Kin gani? Na fi ƙarfinsa."

Ranar da ta faɗi, wajen sha ɗaya na safe ne. Na ji kekenta ya yi shiru, na ɗago, sai na gan ta a ƙasa ta dunƙule, ta dafe gefen dama, gumi na zuba kamar an watsa mata ruwa. Amai ya taso mata, ta ture kwandon kwaloli da ƙafa tana cewa, "Ɗauke su, kar su ɓaci." Kwaloli fa! Na ji kamar in rufe ta da duka don takaici, ga kuka ya ci ƙarfina.

A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa da allura, aka ɗauki jini da fitsari, aka yi hoton ciki. Kwana uku muka yi. Likitar wata mace ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta juya bayan wata takarda ta zana mana abu biyu kamar ƙwayar wake.

"Waɗannan su ne ƙodojinki," in ji ta. "Su ke tace jini dare da rana, su fitar da dattin cikin ruwa. Kowace tana da siririn bututu da ke gangarowa zuwa mafitsara, nan fitsari ke taruwa har ki je ki zubar. In ba ruwa, dattin sai ya yi kauri ya dunƙule ya zama tsakuwa. In kuma kina riƙe fitsari, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, su hau sama."

Sai ta ja layi a kan waken hagu.

"Wannan tsakuwa ta toshe mata bututu tun tuni. Ta kumbura, ta yi ta ciwo, har ta daina aiki. Shirun da kika ji ba warkewa ba ne."

Ni na tambaya, to ta damar fa?

"Ita ce ta kayar da ita. Ƙaramar tsakuwa ce ta biyo bututu, ta kuma fita, an yi sa'a. Amma akwai wasu ƙanana a ciki. Baiwar Allah, ƙoda ɗaya gare ki yanzu. Babbar gora biyu za ki riƙa sha kullum, a rarrabe cikin yini, ba a tashi ɗaya da yamma ba. Da kin ji fitsari ki tashi. Maganin ciwon jikin nan ki rabu da shi. In wannan ta tafi, sai wankin ƙoda, inji ne zai riƙa yi miki aikinta sau uku a mako."

Ta rubuta mana takarda mu kai wurin aiki. Manaja ya karanta a tsaye, ya ce ba matsala, ta je banɗaki ko sau goma ne. Na roƙe shi ya mayar da ita ɓangaren ninke kaya, inda ba wanda ke jiran hannun wani. Ya ce can a cike yake, kuma mai kwala irin Yaya ba a ɗauke ta daga kwala. Da na matsa sai ya ce, cikin ladabi abinsa, in layi ya gagare ta ba wanda zai riƙe ta dole. Muka fito. Gida akwai baki huɗu da ke jiran ta, ba sai mun tattauna ba.

Umma ce ta sayo gorar, shuɗiya, babba. Ita ke cika ta da safe, ita ke duba ta da yamma.

Makon farko Yaya ta bi umarni. Tana sha, tana ɗaga hannu, Mai Makulli tana takowa. Sau shida, sau bakwai a yini. Kowane tashi sai rabin layi ya tsaya cak. Litinin muka tashi shida saura, Talata shida da kwata. Da farko tsokana ce, wata ta ce Raƙuma ta zama famfo, aka yi dariya, ita ma ta yi ta yaƙe. Kafin mako na biyu dariya ta ƙare. Mai haɗa aljihu tana da jariri da take bari wurin maƙwabciya, maƙwabciyar ta ce ta gaji. Mai maɓalli motar ƙarshe ta unguwarsu tana wuce ta. Ba wadda ta fito ta yi wa Yaya magana, sai dai da ta ɗaga hannu ka ji ana dangwarar da almakashi. Ni kuwa na zama karen faɗa. Na zagi mai aljihu tas, na tuna mata wa ya koya mata zama a kan keke. Na ce duk wadda ta sake harar Yayata sai na zare mata ido da allura.

Sai ga shi ni ce na yi.

Ranar Laraba ce ta mako na uku. Ɗiyata na gida da zazzaɓi, mijina ya riga ya yi mini gargaɗi sau biyu kan dawowa bayan magariba. Biyar saura kwata, saura riga talatin da ɗaya mu cika, kuma da mun dage za mu cika. Ina cikin gudu sai na ga hannun Yaya ya tashi sama. Tsaki ya kuɓuce mini. Ɗan gajere ne, ko ta gefena ba ta ji ba, amma tsakanina da Yaya taku ɗaya ne. Na ga bayanta ya sandare. Hannun ya sauko a hankali, ya koma kan kwala. Mai Makulli da ta fara takowa ta juya. Ranar mun tashi biyar da minti uku.

Daga ranar layi na huɗu ya koma tashi a kan lokaci. Mata suka sake, aka dawo da hira, har mai aljihu ta kawo wa Yaya man shafawa. Kullum da yamma gorar tana komawa gida ba ko ɗigo, Umma ta girgiza ta ta sa albarka. Ni ina zaune a bayanta yini guda, na san sau nawa take ɗaga hannu, sau ɗaya ne, wani lokacin babu. Ba wai ban gane ba. Na gane sarai, na yi shiru, don shirun ya yi mini daɗi.

Sai wata yamma na manta jakata, na koma, da na fito na sami Yaya a bayan katangar masana'anta, ta tsuguna a bakin kwata tana tuttular da ruwan gorar.

"Yaya! Me kike yi haka?"

Ko firgita ba ta yi ba. Ta jira ya ƙare, ta rufe murfin.

"Umma tana dubawa."

"Likita fa ta ce..."

"Ina wurin ai, da kunnena na ji."

"Don girman Allah ki yafe mini. Bakina ne ya kuɓuce. Ki sha, ki tashi ko sau ashirin ne, ni zan zauna har isha'i."

"Ke za ki zauna. Sauran ashirin ɗin fa?" Ta miƙe da ƙyar, tana dafa katanga. "Ke ƙanwata ce, kin yi mako biyu kafin ki gaji. Su me za su yi? In suka haɗa kai suka je wurin manaja, gida zan koma. In na koma gida, ruwan za mu dafa mu ci?"

"To ki mutu ke nan?"

"Rufe mini baki, kar ki yi mini fata. Ina sha da yamma." Ta saka gorar a jaka. "Kuma kika gaya wa Umma, ba ni ba ke."

Na yi kuka a hanya har mutane na juyowa. Na rantse a raina gobe ni da kaina zan riƙa ɗura mata, in ya so a kore mu tare.

Gobe ta yi, aka kaɗa ƙararrawa, kekuna suka ɗauka. Wajen goma zarena ya faɗi, na sunkuya in ɗauko, sai idona ya sauka a ƙarƙashin kekenta. Ta cire takalmi ta ture shi gefe, da ƙafa tsirara take taka keken. Ƙafar ta kumbura sumul har idon sawu ya ɓace, shatin takalmin ya nutse a cikin naman. Ranar da za a sallame mu daga asibiti likita ta ce in muka ga kumburi a ƙafa kar mu jira gari ya waye.

Na ɗago zan yi magana. Riga ta faɗo cikin kwandona, kwalarta a kafe ba karkata, wata ta biyo ta, wata ta biyo. Ta bayana ta buga mini tebur ta ce, "Malama, muna jira fa." Na kalli ƙeyar Yaya, na buɗe baki, na rufe. Na ce bari dai a kai hutun azahar. Na ɗauki rigar na sa a ƙarƙashin allura.