Hancin Kulu Mai Daddawa

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau, duk wanda ya ci kasuwar Kwatarkwashi ya san daddawar Kulu. Ba ta da wani asiri sai hanci. Ta dafa kalwa ta rufe da ganye a kwando, ran kwana uku ta ɗaga ganye ta shaƙa sau ɗaya, ta san ko ta yi ko da saura. Mijinta Arzika kuwa, ranar buɗe kwando tun da sassafe yake tserewa gona, wai wari ya kore shi.

Wata damina mura ta kama ta, ta ƙi saki. Kwana goma sha biyu majina ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa, kunci na zogi har haƙoran sama. Duk wannan bai sa ta kuka ba, sai ranar da ta buɗe kwando ba ta ji komai ba. Wayyo, mai daddawa ba hanci, ina sauran sana'a?

Maƙwabta suka ce haƙori ne, a cire. Aka kira wanzami Attahiru daga Rawayya. Ko zabirarsa bai buɗe ba, ya danna ƙarƙashin idonta, ta zabura.

"Inna, in kin yi sujada fa?"

"Kamar fuskar za ta zube ƙasa."

"To ku ƙyale haƙorin nan, ba ruwansa. Majina ce ta kwanta cikin ƙashin fuska ta ruɓe."

Ya ce ta lulluɓa da zane ta yi sirace safe da yamma, ta shaƙi ruwan gishiri mai ɗumi ta fyace. In ido ya kumbura a aika masa maza.

Kalwa kuwa ba ta jiran mai jinya. Arzika ya ajiye fartanya, ya tsuguna gaban kwando yana yamutsa fuska.

"Ya kika ce ake ganewa?"

"Malam, in warin ya doki maƙoshi, ta yi."

"Ai ni tun daga zaure yake dukana!"

Ran nan da hantsi, yana ɗaga ganye wari ya shige ta har ka. Ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, sai ta dubi tsohon, hanci cikin kwando, ido na zubar da ruwa. Shekara talatin bai taɓa zama kusa da aikinta ba. Daɗi da tausayi suka cika ta, ta haɗiye guɗar.

"Sake shaƙa mini, Malam," ta ce.

Sai da aka yanke gero sannan ta faɗa masa hancin ya dawo tuntuni. Arzika ya gyara tsuguno, ya jawo kwandon gabansa.

"Ai na sani tun ranar," ya ce. "Na ga hancinki ya motsa."