Maharbin da Ya Tashi a Maƙera

Wata Alhamis ce ta kaka, shekara guda bayan an yanka Jihar Sakkwato, ina ɗan shekara goma. Muna zaune a rumfar kara da ke bayan maƙerar kawuna a Tambuwal, dammunan gero jingine da katanga suna jiran a zuba su rumbu, sai Haliru ya miƙe, ya ɗaga diddigensa mai faso, ya murƙushe maharbina. Mutum-mutumin yumɓu ne da bai wuce tsawon yatsa ba. Ni na gina shi, na lanƙwasa masa baka da tsinken tsintsiya, na shanya shi kwana uku a kan dangar Inna, matar kawuna. Haliru ya murza ƙafa har ya zama gari, sannan ya dube ni yana dariya ya ce, "Maharban Kebbe dut haka nan su ka ƙarewa, su shiga daji da ƙahwa a ɗauko su bisa kai." Sauran yara suka yi dariya, don Haliru ɗan kawuna ne, taubashina, kuma an san taubashi yana da lasisin faɗin abin da ya ga dama. Ni ban yi dariya ba. Mahaifina maharbi ne a Kebbe, wata takwas kafin wannan rana maciji ya sare shi a daji ya rasu, aka ɗauko shi a kan makarar kara, bayan sadakar arba'in aka kawo ni riƙo gidan Kawu.

Wasan da muke yi ba a san shi a ko'ina ba sai a rumfar nan, domin Yaya Ladan ne ya ƙago shi. Shi ne babban ɗan Kawu, shan inna ya taɓa masa ƙafafu tun yana ƙarami, ba ya zuwa gona, ba ya iya tsugunon ƙira, sai Allah ya mayar masa da ƙarfin a baki. Lokacin kuɗin mai sun shigo gari, kowa na rushe ɗakin ƙasa yana ɗora na bulo, takardun buhun siminti kuwa har akuya ta ƙoshi da su. A kan irin takardar nan Yaya Ladan ya zana mana duniya da gawayi: ga gulbi, ga duwatsu, ga kurmi inda dodanni suke. Kowane yaro yana da mutuminsa na yumɓu da sana'arsa, ko maharbi, ko maƙeri, ko masunci, ko ɗan tauri. Yaya Ladan ke ba da labari, mu kuma mu faɗi abin da mutanenmu za su yi, sai a watsa ɓawon gyaɗa shida a ƙirga waɗanda suka faɗi a buɗe. Da wuri irin na kuɗin da can muka so yi, amma da Kawu ya ga wuri a hannunmu zai ce caca ce, ranar kuwa sai bayanmu ya gaya mana. Duk wanda mutuminsa ya dawo daga tafiya da rai, akan jefa masa ƙwallon tsamiya ɗaya a gwangwanin madara. Yawan tsamiyarka, yawan gwanintarka.

Haliru yana da tsamiya goma sha huɗu, duk a gwangwani ɗaya, na tauri. Dokar wasan ita ce ƙarfe ba ya cin ɗan tauri, ko wuƙa ko mashi ko kibiya. Ranar nan mun tsinci hauren giwa a kurmi, maharbina ne ya fara gani, shi kuwa ya ce ɗan taurinsa ya soke ni ya ɗauka. Ba hauren ya dame shi ba, so yake a yi dariya. Na harba kibiya sau biyu, Yaya Ladan ya ce ta lanƙwashe. Dokar ta kuma ce wanda ya kashe mutum shi ke fasa yumɓunsa.

Ban kai ƙara wurin kowa ba. Da na gaya wa Inna cewa za ta yi wasan taubasai ne, ta ƙara mini tuwo. Na haɗiye abin, na shiga lissafi. Aikina ne kullum da safe kafin mu tafi firamare in zauna in yi wa Kawu zuga, zuga-zugin fatar akuya ɗaya a kowane hannu, kuma a nan ne dabara ta zo mini. Ina kallon bakin lauje ya yi ja a cikin gawayi, Kawu ya ciro shi da awartaki, wani ɗan tartsatsi ya faɗa wa Haliru a ƙafa ya yi tsalle yana ihu. Na ce a raina, to, ƙarfe ba ya cin ka, amma wuta fa? Dokar ta ce maƙerin da ya tara tsamiya shida yana riƙe jan ƙarfe da hannu. Sai dai maƙeri mai nauyin jiki ne, kafin ya isa kusa da ɗan tauri an fasa masa ciki. Maharbi mai tsamiya huɗu kuwa yana harbi daga taƙi biyar a kan takarda, amma kibiyarsa ƙarfe ce mai sanyi. Kowanne shi kaɗai banza ne a gaban Haliru. Mutum ɗaya nake buƙata, mai hannun maƙeri da idon maharbi.

Matsalar ita ce ba a taɓa yin haka ba. Da na je wa Yaya Ladan da maganar gwangwani biyu, ɗaya na ƙira ɗaya na harbi, ya tara yara ya ce a yi ta a gaban kowa, ya kuma yanke cewa, "Sana'a gado ta, ɗan maƙeri ba shi ɗaukar kwari." Haka kuwa abin yake a garinmu, mahauci ya haifi mahauci, wanzami ya haifi wanzami. Na riga na shirya amsata tun kwana uku. Na ce, "Yaya, ni ɗan wa na? Wa kuma ka zuga wuta gidan ga kullum da sahe?" Yaya Ladan ya daɗe yana kallona, ina jin ya gane fiye da abin da na faɗa, sannan ya ce ɗan riƙo yana cin gado gida biyu, amma in sani tsamiya ba za ta ƙaru don na ajiye gwangwani biyu ba. Haliru ya kwanta yana dariya, ya ce na zama tulu biyu kowanne rabin ruwa.

Na gina sabon mutum, na rataya masa kwari a baya, na manna masa 'yar masaba a ɗamara, na sa masa suna Ɗanriƙo. Sabon shiga da tsamiya uku yake farawa, ni kuwa goma nake nema, ga shi ba kowace Alhamis ake samu ba. Na yi ta juya lissafin a bayan littafina na makaranta har malaminmu ya kama ni ya ba ni bulala biyu, yana tsammanin zanen banza nake yi. In na fara cika gwangwanin harbi, Haliru zai tuna da maharbin da ya taka, ya sake taka wannan tun bai yi ƙwari ba. Don haka na zuba biyu a ƙira, ɗaya a harbi, na ƙudurta sai ƙira ta kai shida kafin in waiwayi baka. Na ma yi kwaɗayin saka ɗaya a malanta don in sami layar ɓata, sai na ga za ta ƙara mini mako biyu ko uku, ni kuwa haƙurina iyakarsa ke nan.

Wata biyar na yi ina zama abin tausayi. Ɗanriƙo ba ya iya harbin zomo, ba ya iya ƙera takobi, aikinsa wasa wuƙaƙen ɗan taurin Haliru da ɗaukar masa kaya. Da gangan nake bin bayansa, domin a bayan ɗan tauri ba a mutuwa, kuma duk tafiyar da aka dawo da rai tsamiya ce. Shi kuwa abin ya yi masa daɗi, ya ɗauke ni yaronsa. Kura ta taso mini, ya tare. Aljanin gulbi ya ja ni, ya shiga ya fizgo ni. Har a waje abin ya bi mu. Da wasu yaran Sanyinna suka tare ni a hanyar makaranta suna ce mini baƙauye, Haliru ne ya kayar da babbansu, aka fasa masa leɓe. In mun je ɗebo ruwa shi ke ja guga, in mun je kiwon tumakin Inna shi ke hawa magarya ya kaɗo mini. Na ci magaryar, na yi godiya, ban taɓa mance diddigen nan ba ko na yini ɗaya. Duk sanda ya yi mini alheri sai in ƙirga abin da ya rage: saura huɗu, saura uku. Ba zan yi wa kaina ado ba, daɗin ƙirgar nan ya fi mini magaryar.

Ta goma ta faɗa gwangwani cikin zafin bazara. Alhamis ta gaba Yaya Ladan ya kai mu bakin wani kogo, ya ce akwai dodo a ciki mai kai bakwai. Haliru ya tura ɗan taurinsa gaba, ya ce mini, "Tsaya baya, Ɗanriƙo, kar shi lashe ka." Na ja mutumina baya, ina aunawa da hannuna, taƙi ɗaya, biyu, har biyar. Sannan na ce Ɗanriƙo ya hura wuta, ya gasa bakin kibiya har ta yi ja, ya kama ta da hannu ya ɗana a baka. Yaya Ladan ya tambaya ko dodon zan harba. Na ce a'a, ɗan tauri, a tsakiyar baya.

Haliru ya yi dariya ya ce, "Ai ƙarfe na." Yaya Ladan ya karkata gwangwanayena biyu ya ƙirga a gaban kowa, ya ce ƙarfe ne, amma wuta ce ke tafe a kansa, kuma ba a taɓa cewa wuta ba ta cin ɗan tauri ba. Huɗu a buɗe nake buƙata. Na watsa ɓawon gyaɗa, uku suka buɗe, kibiya ta wuce ta gefen kunne. Haliru ya juyo da mutuminsa ya ci taƙi uku zuwa gare ni, dariyar ta bar fuskarsa. Na sake watsawa. Biyar. Tsamiya ashirin da ɗaya yake da ita a lokacin, ba ko ɗaya da ya ajiye don wani abu ban da ƙarfe.

Ban taka da ƙafa ba. Na ɗauki ɗan taurin, wanda Haliru ya yi shekara biyu yana shafa masa man gyaɗa don ya yi sheƙi, na shiga maƙera, Kawu ya tafi masallaci, na ɗora shi a kan uwar maƙera na sauke masa masaba. Sau uku na buga, ko da yake na farko ya gama aiki. Wallahi na ji sanyi a raina irin wanda ban ji ba tun barina Kebbe. Na juyo ina jiran ya yi kuka ko ya kawo mini duka, na shirya wa duka biyun. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Ashe dut ranin ga da nika tare maka faɗa, abin ga na cikin ranka?" Na ce masa e. Ya gyaɗa kai ya fita.

Bai sake zuwa rumfa ba. Mun ɗan ja wasan makonni kaɗan, amma ba mai tsaya wa kowa a gaba, kowa na duban bayansa, har damina ta sauka gona ta kwashe mu, Yaya Ladan ya naɗe takardarsa.

Yanzu jikana yakan zauna kusa da ni yana wasa a waya, ya haɗa wa mutuminsa sana'a uku da taɓawa ɗaya, a kashe shi ya tashi, bai ma san wanda ya kashe shi ba balle ya riƙe shi a rai. Yaya Ladan ya rasu da daɗewa. Haliru ne ke riƙe da maƙerar, ta koma wurin walda, ana ƙera ƙofofi da tagogi. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa janye maganar da ya yi a kan mahaifina ba, kuma da za a mayar da ni ranar, ina jin zan sake ɗaga masabar. Duk sallah nakan je Tambuwal. Yakan taso ya tarbe ni, ya shimfiɗa mini darduma, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya kira ni Malam. Sauran taubasaina suna ce mini baƙauyen Kebbe, suna ƙwace mini hula a gaban 'ya'yana. Nakan zauna a kan dardumar Haliru ina jira ko zai zage ni sau ɗaya. Har yau da ladabi yake sallamata.