Kada Ka Zo da Zafi

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana sayar da ƙanƙara a shago guda, a bakin tashar mota, a garin da rairayi ya kewaye ta ko'ina. Mai Ƙanƙara ake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Ya gaji shagon daga mahaifinsa, tare da zarto mai manyan haƙora, da ƙugiyar ƙarfe biyu, da ramin siminti inda ake jera sandunan ƙanƙara a lulluɓe su da garin katako da buhuna. Kowace sanda yakan yanka ta gida takwas ba tare da awo ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce rabon wani ya fi nasa ba.

A garin, zafi yakan kama a watan Mayu, ba ya sakin mutane sai Satumba ta ƙare. Da tsakar rana ko kare ba ka gani a titi. Amma hannun Mai Ƙanƙara kullum sanyi ƙalau yake. Yatsunsa uku sun daina lanƙwasuwa tun yana ɗan shekara arba'in, in ya miƙa wa baƙo hannu sai baƙon ya zabura.

Su biyu mahaifiyarsu ta haifa, shi da Auta, tsiransu shekara shida. A bayan gari akwai wani dogon tudun rairayi, kuma duk shaƙatawar mutanen garin a nan take. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in rana ta karkata, sai a fito da tabarmi da butar shayi, masu ƙwallo a gindi, masu hira a sama. Lokacin da suke yara, mahaifinsu ya yar da ƙofar wani tsohon firji, suka mai da ita abin hawa. Nauyinta ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai su biyu suke kinkimarta zuwa sama. Babban ya zauna a gaba, Auta ya riƙe masa riga ta baya, su sulalo har ƙasa bakinsu cike da rairayi.

Auta yana da shekara ashirin da huɗu ya tafi wata ƙasa mai sanyi. Can ya sami aiki a hukumar da ke kula da wuraren shaƙatawa na birni. Shi ne mai kwashe dusar ƙanƙara daga hanyoyin lambu, kuma shi ke auna kaurin ƙanƙarar wani tafki da ke daskarewa, kafin a bar mutane su hau su yi ta zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa.

Kowace Lahadi bayan la'asar Auta yakan bugo waya.

"Yaya, yau mota goma sha ɗaya ta ƙanƙara muka zubar."

"Zubarwa? Allah ya shirye ku. Ni nan ana rububin gutsure, kai kana can kana yi mata shara."

"Nawa ne zafinku yau?"

"Arba'in da shida."

"Mu sha takwas ne ƙasa da sifiri."

"Ƙasa da sifiri kuma akwai wani abu? Mu a makaranta daga sifiri an gama."

Wata rana Auta ya ba shi labarin cewa mutanen can, in rana ta fito, sai su tuɓe riga su kwanta a cikinta.

"Da gangan?"

"Da gangan, Yaya. Har mai suke shafawa."

"To saura gishiri."

Da ya ji kuma yaran can suna hawa tudun dusar ƙanƙara su sulalo a kan faranti na roba, sai ya buga cinya ya ce, "Wato ƙofar firjinmu ka kai musu!" Ƙofar kuwa tana nan jingine a bayan shago, ya hana kowa ya taɓa ta.

Sau ɗaya Auta ya taɓa dawowa gida, shekara takwas bayan tafiyarsa. Mahaifiyarsu ce ta rasu a watan Yuli, ya iso kwana uku bayan an rufe ta. Kashegari da azahar ya tako zuwa shago, yana kawowa bakin ƙofa ya yanke jiki ya faɗi. Mai Ƙanƙara ya ja shi ciki, ya farfasa sanda guda, ya cusa masa a wuya da hammata, yana kiran sunansa. Mutumin da bai cika mako da binne uwarsa ba, ga shi yana kallon idon ƙaninsa ya juye. Minti nawa aka yi, bai sani ba. Auta ya farfaɗo, amma sauran kwanakin nan tara yayansa bai bar shi ya leƙa ko zaure ba.

Ranar komawa, a tasha, Mai Ƙanƙara ya kama hannunsa.

"Kada ka ƙara zuwa garin nan da zafi. Jikinka ya zama na can. Ka zo da sanyi, mu hau tudu."

"Yaya, yunwa ce fa. Kwana biyu ban sa komai a bakina ba."

"Na gama magana."

Auta bai taɓa musu da yayansa ba, ranar ma bai yi ba.

Daga nan kwanakin shekara suka shiga tsakaninsu. A wurin aikin Auta ba a ba da hutu daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin ne ake neman kowane hannu. Hutunsa a Yuli ko Agusta yake faɗowa, watannin da aka hana shi zuwa. Sau bakwai ya nemi hutun Disamba aka hana shi. A na takwas aka ba shi, ya haɗa jaka, sai dusar ƙanƙara ta rufe birnin kwana biyar, aka soke hutun kowa.

Shi kuma Mai Ƙanƙara da sanyi yake samun sarari, don ciniki yakan kwanta. Ya yi fasfo. Amma Auta ya ce, "Kada ka zo mana da sanyi, Yaya, yatsun nan naka ba za su ɗauka ba. Ka zo a Yuli ka ga ciyawa, ka ga tafkin ya narke ana tuƙa kwalekwale." A Yuli kuwa mahauta da masu kifi da mai kemis duk a ƙofarsa suke wayar gari. Fasfo ya mutu sau biyu a cikin akwati, babu hatimi ko ɗaya a ciki. Kowannensu yana tsare ɗan'uwansa daga yanayin garinsa, har shekara ashirin da biyu ta wuce.

A shekarar ƙarshe gwiwar Auta ta fara ba shi wahala, aka yarda ya ajiye aiki a ƙarshen Nuwamba. Ya yanki tikiti na sha biyu ga Disamba. Mai Ƙanƙara ya sa aka rubuta masa ranar da alli a bangon shago.

A watan Mayu idonsa ya yi rawaya. 'Yarsa, wadda take aikin nas, ta matsa masa har ya bi ta asibiti. Likita ya ce hanta ce, kuma ta yi nisa. Likitan ya ja nas ɗin gefe, amma ƙofa a buɗe take, uban ya ji: saura wata uku, in an yi sa'a kuma wata huɗu. A mota ya lissafa da yatsunsa masu lanƙwasuwa. Yuni, Yuli, Agusta, Satumba. Disamba tana can gaba, ba ta ko kusa.

Da suka isa gida ya tara matarsa da 'yarsa.

"Duk wadda ta gaya wa Auta, ban yafe ba."

"Maigida, ɗan'uwanka ne fa," in ji matar.

"Shi ya sa. In ya ji, gobe zai hawo jirgi. Ya zo ya faɗi kamar wancan karon, wa zai ɗaga shi? Ni yanzu ko rabin sanda ba na iya ɗagawa."

"To sai ka yi yaya?"

"Sai in jira Disamba. Likita ba shi ya halicce ni ba."

Ya miƙa shagon ga surukinsa, mijin nas ɗin. Kowace Lahadi sai a tayar da shi zaune, a wanke masa fuska, ya gyara murya kafin waya ta yi ƙara.

"Yaya, muryarka ta canja."

"Wayarka ce. Sanyi ya cinye ta."

"Yanzu ai zafi muke. Ashirin da biyar."

"Ashirin da biyar kake kira zafi? Mu da bargo muke kwana a haka."

Yana ajiye wayar sai ya zame ya kwanta.

Lahadi ta biyu a Agusta, hannunsa ya kasa riƙe kofi. 'Yarsa ta goge ruwan da ya zube, ta zauna a bakin gado.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba."

"To kada ki fara."

"Kai kana tsoron Baba Ƙarami ya zo ya faɗi. Ni kuma ina tsoron ya zo ya tarar da kabari. Wancan karon da kwana uku ya makara, ka ga yadda ya yi. Wannan karon wata uku kake so ya makara, kuma da hannunka."

Ya kalli fanka tana juyawa har la'asar ta yi. Da wayar ta yi ƙara, ya ce a kara masa ita a kunne.

"Auta. Ka zo."

"Ai saura wata huɗu, Yaya."

"Yanzu."



"Da zafin?"

"Da zafin."

Auta bai ƙara tambayar komai ba.

Kwana shidan da suka biyo baya Mai Ƙanƙara ya yi su yana ba da umarni daga kan gado. A kawo sanda shida kullum. A jera robobi huɗu cike da ƙanƙara a ɗakin baƙo, a sa fanka a bayansu. Motar da za ta ɗauko shi a sa buhun ƙanƙara a ƙarƙashin kujera, kuma kada a bar shi ya tsaya a rana ko na minti ɗaya.

Auta ya iso ranar da zafi ya kai arba'in da biyar. Ya shigo yana ɗingishi, kansa fari fat. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana neman yayansa a cikin abin da ya rage a kan gadon, sannan ya durƙusa ya kifa goshinsa a kan hannun nan mai sanyi.

"Ka tsufa," in ji Mai Ƙanƙara.

"Kai kuma ka zama saurayi."

"Ku ba shi ruwa. Ku kai shi gaban fanka."

Rana ta farko Auta ya yi gumi, ya sha ruwa, ya cinye abinci kwano biyu. Ta biyu ma haka. A ta uku, da azahar tsaka, ya faki ido ya taka har shago, ya karɓi zarton mahaifinsu ya yanka sanda biyu, ya dawo a ƙafa da gutsure a hannu. Yayansa ya bi shi da kallo.

"Kanka ba ya juyawa?"

"Ko kaɗan."

"Ƙirjinka fa?"

"Yaya, lafiyata ƙalau."

Mai Ƙanƙara ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, "Shekara ashirin da biyu."

"Na gaya maka yunwa ce."

"Ka gaya mini. To me ya hana ka yi mini gardama?"

"Ka ce ka gama magana."

Matar ta tashi ta fita da kwanon da ke hannunta. A ranar Auta ya kwaso robobin nan huɗu daga ɗakin baƙo ya jera su a gefen gadon yayansa, don zazzaɓi ya fara zuwar masa da yamma. Shi ya riƙa naɗe gutsuren a tsumma yana ɗora masa a wuya.

A rana ta biyar Mai Ƙanƙara ya ce a kai shi tudu. Surukin ya kawo motar shago, Auta ya sa aka ɗora ƙofar firjin a baya, duk ta yi tsatsa. Suka isa rana tana gab da faɗuwa. Babu kowa a wurin, don a Agusta ba mai zuwa. Rairayin yana ƙona ƙafa har ta cikin takalmi, maganar hawa kuwa ba wanda ya tayar da ita. A gindin tudun suka shimfiɗa ƙofar, suka ɗora buhu, suka zaunar da shi a gaba. Auta ya zauna a bayansa ya riƙe masa riga don kada ya kife.

"Ashe tudun ya ƙara tsawo," in ji Mai Ƙanƙara.

"Mu ne muka rage."

"Tafkin nan naku. In kaurin ƙanƙararsa ya kai nawa kake barin mutane su hau?"

Auta ya zagayo da hannu ya nuna masa, daga babban yatsa zuwa ƙarami.

"Shi ke nan? A kan wannan 'yar ƙanƙarar gari guda yake tsayawa?"

"Har da tsofaffi, Yaya. Miji da mata, sun riƙe hannu."

"Da na zo na gani."

"Da na bar ka ka zo."

Suka zauna har inuwar tudun ta rufe su. Da surukin ya zo tayar da su, Mai Ƙanƙara ya ce a bar ƙofar a nan, ai za a dawo.

Ya rasu ranar biyu ga Satumba da hantsi, Auta yana riƙe da tsumman. Rubutun allin yana nan a bangon shago, surukin bai goge ba.

Sanyi ya shigo a mako na biyu na Nuwamba, kamar kowace shekara. Mutane suka fito da tabarmi da butoci, masu ƙwallo suka kafa duwatsunsu. Auta bai koma ba tukuna. Ya je ya tarar rairayi ya binne rabin ƙofar, ya tone ta da hannu, ya kama gefe ɗaya ya ɗaga. Ɗaya gefen bai motsa ba. Ya sake ta a hankali, ya hau tudun shi kaɗai, yana tsayawa yana dafe gwiwa.