Buhun Littattafan Jikata

Ɗana na fari ne ya kawo su da kansa daga Gusau har Bungudu, a cikin buhun da aka zazzage gero. Ya jingine buhun a bakin zaurena, ya durƙusa ya gaishe ni, ido a ƙasa kamar kullum. Tsakanina da shi akwai kunyar ɗan fari. Tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ga shi har furfura ta fara fito masa amma hirarmu ba ta wuce damina da farashin hatsi da lafiyar iyali.

"Baba, littattafan jikarka ne, babbar," in ji shi. "Ƙarƙashin katifa uwarta ta gan su. Dubi wanga."

Ya zaro ɗaya mai kauri kamar bulo. Bangonsa baƙi ne, da hoton wani dodo mai fukafukai yana aman wuta, ga yarinya a gabansa riƙe da takobi, ga wasu zane-zane kewaye da su masu kama da hatimi.

"Maƙwabcina a kasuwa ya ce da irinsu ake koya ma yara kiran aljannu. Ni Turancina na ciniki ne. Kai ka karanta. In tsafi ne in ƙone su, kuma karatun Turancin da take son yi a jami'a ta manta da shi, ta zauna gida."

Yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare a Tudun Wada, kuma kowa a dangi ya san ba ta da wani buri sai wannan. A ƙasan buhun akwai wasu littattafan daban, masu bango ruwan hoda da ruwan ɗorawa, an zana mace da namiji irin zanen katun ɗin yara, wasu a gaban shagon burodi, wasu da ɗan kare. Waɗannan ko kallonsu bai yi ba. "Na yara ne," ya ce. "Haɗo su kawai aka yi."

Fataucin fata ya kai ni Yamai da Kwatano da Kumasi, daga baya na zauna Hartum da Jidda. Duk inda na sauka nakan sayi abin da mutanen wurin ke karantawa a tasha, da Faransanci ko Larabci ko Turanci. Na ɗauka babu sauran abin da takarda za ta nuna mini. Na sa tabarau na fara da mai dodon.

A shafin farko akwai taswira, da koguna da duwatsu da birane. Na daɗe ina neman ƙasar a cikin kaina kafin na gane babu ita a duniya, marubuciyar ce ta ƙage ta har da iyakokinta. Na ci gaba ina neman tsafin da aka aiko ni nema. Babu shi. Tatsuniya ce, irin wadda kakata ke yi mana, sai dai an ba ta abinci ta yi ƙiba. Dodonmu na cikin rafi ya fi nasu ban tsoro, don nasu har hawansa ake yi kamar jaki, ana ba shi suna, yana fushi in ba a yabe shi ba.

Abin da ya girgiza ni daban ne. Ina iyayen yaran nan? Na karanta littafi bayan littafi, duk jarumar marainiya ce, ba kawu, ba gwaggo, ba wanda ya ce zo ki zauna wurina. Yarinya ba ta kai ashirin ba tana jagorantar rundunar yaƙi, tana daka wa janar-janar tsawa. Duk tsohon da ya fito, ko dai maci amana ne ko kuma zai mutu kafin ƙarshen babin. Mutum ya dawo daga tafiyar shekara, ya banko ƙofa ya fara magana, ba sallama, ba ya hanya, ba wanda ya kawo masa ruwa. A Hartum na ga mutum biyu sun tsayar da motoci a tsakiyar titi don gaisuwa kawai. A Kumasi ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya zauna ya sha ruwa. Waɗannan mutanen littafin suna da mulki da sihiri da takubban zinariya, amma ba su da gaisuwa.

Akwai kuma wani saurayi, aljani ne ko me, ya shekara ɗaruruwa a duniya, amma wai yana kwana yana tunanin abin da 'yar makaranta ta faɗa masa. Na ajiye littafin na yi salati. Ɗaruruwan shekaru bai yi hankali ba! Sa'annan labarin ba ya ƙarewa. Ana tsakiyar yaƙi sai takarda ta ƙare, wai ka nemi na biyu. Mai tatsuniyar da ya yi mana haka a da, da jifa za mu raka shi.

Duk da haka ban iya ajiyewa ba, gaskiya ke nan. Kuma ba ni kaɗai nake karatun ba, don a gefen shafuka akwai rubutun fensir da Hausa, hannu daban-daban. Wata ta rubuta, "Kar ki yarda da shi!" Wata ta amsa a ƙasa, "Ke dai ci gaba." Daga baya na ji cewa littattafan zagayawa suke tsakanin jikata da ƙawayenta na Tsafe. Tun da hanya ta lalace iyaye suka daina barin 'yan mata ziyara, sai littafi ya riƙa tafiya a madadinsu, a ƙunshe cikin leda a hannun direbobin tasha.

Da na gama da dodanni sai na ce bari in huta da na yaran. Na ɗauki mai shagon burodi bayan la'asar, ina zaune a zaure, mutane na wucewa suna gaishe ni.

Farkonsa ba laifi. Wata mai gasa burodi ce da wani attajiri marar kunya da ke son saye shagonta. Ba sa ga maciji da juna. Na yi mamakin yadda yake yi mata magana kamar ya tsince ta, ita kuma wai zuciyarta na bugawa. Sai tafiya ta haɗa su, suka sauka a wani masauki, aka ce ɗaki ɗaya ya rage, gado ɗaya. A littattafan soyayyar da na karanta a Yamai, in an zo irin wannan wuri marubuci kan rufe ƙofa, ka juya shafi ka ga gari ya waye. Na Larabawa ma ba sa kaiwa ƙofar, a kan ido da gira suke ƙarewa. Wannan marubuciyar ba ta rufe ƙofa ba. Ta shiga ɗakin, ta kunna fitila, ta jawo ni ciki, ta yi ta kiran kowane abu da sunansa, shafi bayan shafi.

Ladanin unguwarmu ya leƙo a daidai lokacin. "Alhaji, ana ta nazari?" Na zauna a kan littafin.

Na duba sauran. Duk haka suke. Sun san jikin juna kafin su san sunan mahaifin juna, kuma har littafi ya ƙare babu wanda ya aika kawunsa ko'ina. A waɗannan shafuka babu rubutun fensir ko ɗaya. Amma in ka ɗora littafin a tafin hannu ka sake shi, da kansa yake buɗewa a wurin.

Nan na rasa yadda zan yi. In na yi shiru, na ci amanar da ɗana ya ba ni. In kuwa zan faɗa, da wane baki? Mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba zan zaunar in bayyana wa abin da aka yi a kan gadon masauki? Uwar yarinyar surukata ce, kunyarta ta fi tasa. A duk gidan mutum ɗaya ce al'ada ta ba ni damar faɗa wa abin da na ga dama, ita ce jikar da kanta. Na aika ta zo ranar Asabar.

Ta shigo da wasanta kamar kullum. "Tsohon angona, har yanzu ba ka mutu ba? Na gaji da jiran gado."

"Sai na ga bayanki. Zauna, amarya."

"Ka karanta? Ka ga ba tsafi, ko? Don Allah ka gaya ma Baba."

"Dodanninki ba su da laifi, sai rashin gaisuwa." Na zaro mai shagon burodi, na ɗora a tafin hannuna, na sake shi. Ya buɗe.

Ta dubi shafin, ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. "Innalillahi! Kaka, har da wannan ka karanta? Da tsufanka?"

"Da tsufana. Ke kuma da ƙuruciyarki."

"Wallahi tsallakewa muke yi."

"Littafin bai ce haka ba."

Daga cikin mayafin ta ce, "In ka gaya mashi na shiga uku. Kuma shi ne fa ke sayo su. In ya bi ta Sabon Gari ya ga mai kyan zane wurin masu tsofaffin littattafai sai ya kawo mani tsaraba. Na farkon da na buɗe ni ma kusan suma na yi. To mi zan ce mashi? Yanzu ma ya ba Auta guda, wai ta gyara Turancinta."

Auta ƙanwarta ce, ba ta daɗe da gama firamare ba.

"Tana karantawa?"

"Da ƙamus, a hankali. Na ɓoye, ta kai ƙarata, Baba ya ce in daina rowa."

"Ina ta kai?"

"Inda macen da namijin suka kama hanyar tafiya."

Ban taɓa shirin fita da sauri irin na ranar ba. Muka shiga mota tare zuwa Gusau, na tura ta gida, ni na wuce kasuwa. Na same shi a shagonsa yana auna wa wata mata dawa. Da ya gan ni tiya ta kusa faɗuwa daga hannunsa, don ban saba zuwa ba. Ya shimfiɗa mini buzu, ya tsuguna gefe.

Na dubi buhunan masara na yi magana da su. "Masu dodon tatsuniya ce. Ba tsafi, ba kiran aljannu. A mayar mata, wasu ma na 'ya'yan mutane ne a Tsafe."

"To, Baba. Alhamdu lillahi."

"Masu zanen katun kuma ba na yara ba ne."

"Na wa ne?"

"Na matan aure ne. Su ma sai wadda ta kulle ɗaki."

Bai tambaye ni abin da ke ciki ba, ɗa ba ya yi wa uba irin wannan tambayar, kuma ranar na gode wa Allah da kunyar nan.

"Akwai guda hannun ƙaramar," na ce. "A karɓo yanzu."

Ya miƙe, sai ya sake tsugunawa, muryarsa ta canza. "Ita babbar ta karanta su ke nan. Ta sani, ta yi shiru. Wallahi jami'ar nan..."

"Wa ya kai mata su?"

Matar da ke jiran dawarta ta ce, "Alhaji, a sallame ni mana." Bai ji ta ba. Can ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, "Ni ke zaɓen masu ɗan kare. Na ce tana son dabbobi."

Ya bar wa maƙwabci shagon ya hau babur. Da ya dawo, littafin na naɗe cikin leda baƙa, ya riƙe ta da yatsa biyu ya ajiye kusa da ƙafata. Bai dube ni ba, ban dube shi ba.

"Ƙaramar na ta kuka," ya ce. "Wai sun iso masauki, ba ta ga abin da ya faru ba."

Na ce a saya mata alewa.

Ya ce, "Babbar kuma ta je ta cike takardunta na jami'a. Amma daga yau duk littafin da zai shiga gidana, Bungudu zai fara kwana."

Ban yi gardama ba, ko da yake na san aikin da ya ɗora mini. Ta samu gurbin karatun da take so. Ni kuma yanzu kowane mako direba na sauke mini leda a bakin zaure, kuma na daina karatu a inda mutane ke wucewa.