Hannun da Inna Ta Koya Wa Daka

Har na kai shekara goma sha shida zane nake ɗaurawa. A Kaikai aka haife ni, ungozoma ta duba ta ce mace ce, aka raɗa mani sunan mata. Na tashi ina ɗebo ruwa da 'yan mata, ina surfe, ina kitso. Da sa'o'ina suka fara al'ada ni shiru, sai murya ta buɗe, gashi ya fara fito mani a haɓa. Inna ta kai ni asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da iyayena ya ce namiji ne, halittar ce ta zo a ɓoye. Baba ya je wurin malaminsu, ya dawo da yadi, aka ɗinka mani riga da wando. Ni dai ban yi mamaki sosai ba. Na daɗe ina jin haka a raina, ban san yadda ake faɗa ba ne.

Don a rage surutu aka tura ni Kankia wurin Kawu, ƙanen Inna, in koyi ɗinki. Canza kaya bai yi wuya ba. Ranar farko abokin Kawu ya miƙo mani hannu, ni kuwa na zube gwiwa biyu na sunkuyar da kai. Kawu ya ce, "Tashi, ba shi hannu. Ka dube shi a ido." In an gama cin abinci a shago sai in tsinci kaina ina tattara kwanuka, ba wanda ya sa ni. A masallacin Juma'a kuwa, da kafaɗata ta gogi ta wani, sai in matsa, har wani dattijo ya jawo ni ya ce in cike sahu.

Shekarata uku a can Inna ta kwanta ciwo, ana tsakiyar girbin gero. Yayyena mata duk suna gidajen aurensu, nesa. Na hau babur na tafi. Na tarar ba ta iya cin komai sai kunu, wanda maƙwabta ke aikowa kuma ba ta sha. Na naɗe hannun riga, na jiƙa tsamiya, na jawo turmi. Taɓaryar nan ta zauna mani a hannu kamar jiya na ajiye ta.

Ina cikin daka Goggo, yayar Baba, ta shigo. Ta tsaya riƙe da mayafi.

"Kai, me nake gani? So kake a koma yi da mu a gari? Ajiye taɓaryar nan."

Na tsaya. Daga ɗaka Inna ta ɗaga murya da ƙyar.

"Yaya, ki bar shi. Ni na koya mashi, kuma ba wanda ya san yadda nake son kununa sai shi."

Kafin wannan rana Inna takan manta ta ce mani "ke", sai ta gyara, kunya ta kama mu duka. A ranar bakinta bai yi tuntuɓe ba. Goggo ta jawo kujera ta zauna, ta ce in miƙo mata rariya. Tare muka gama. Baba ya dawo daga gona ya gan ni gaban murhu, ya tsaya kaɗan, ya tambaya ko itacen zai isa, ya wuce.

Na yi sati biyu ina jinyarta har ta miƙe, sannan na koma bakin aiki.

Yanzu ina da shagona. Da la'asar maza kan taru a benci a ƙofar, ana hira. Kwanaki wani ya ce ai mata hutawa suke yi, suna gida cikin inuwa. Na dakatar da keken ɗinki na ce, "Ka taɓa surfa gero tiya uku?" Aka yi dariya, wasu sun san tarihina, wasu ba su sani ba. Da aka watse, wani magidanci daga Sukuntuni ya tsaya, ya tambaye ni da gaske awa nawa surfen yake ɗauka. Na gaya mashi, na kuma gaya mashi inda baya ke fara ciwo. Ya jinjina kai, ya karɓi ɗinkinsa ya tafi.