Garkuwa da Wayar Tela

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a ofishin wani kamfanin sufuri, shi ya sa har yau ba mai kiran ta da wani suna sai Sakatare. Mijinta ma haka yake kiran ta. Ta shiga aikin tana budurwa da takardar sakandare, ta fito da tabarau da ciwon wuya da agogon bango da aka ba ta ranar sallama. Manajoji shida ta yi wa aiki. Biyar ta riƙa gyara musu rubutu ba su sani ba. Na shidan ya sani, bai kuma yafe mata ba har aka canza masa wurin aiki. Saura shekara biyu ta ajiye aiki aka kawo kwamfuta, aka ɗora a teburin wata sabuwar ma'aikaciya, ita kuma aka bar ta da buga adireshi a bayan ambulan. Ba ta roƙi a koya mata ba, su ma ba su yi mata tayi ba.

A layinsu kuwa ita ce idon kowa. Takardar asibiti, fom ɗin makaranta, ƙananan rubutun da ke jikin kwalbar magani, duk wurinta ake kawowa. Ba ta da fara'a, amma ba ta taɓa karanta wa mutum abin da ba a rubuta ba.

Mijinta tela ne, shagonsa a ɗakin gaba na gidan, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Hannunsa a kan almakashi ba na biyu, amma rubutunsa kamar kaza ta yi tono. Saboda haka tun suna da ƙuruciya ita ke rubuta masa awon mutane: kafaɗa, hannu, ƙirji, ƙugu, tsawo. Da ya rataya tef a wuya sai ya ɗaga murya.

"Sakatare! Zo da biro!"

"Ni baiwarka ce?" in ji ta daga ciki. Amma kafin ya gama auna kafaɗa tana tsaye a bakin ƙofa da littafi a buɗe.

Sai ɗansu ya yi aure, ya zauna da matarsa a ɗakunan baya. Matar tana aiki a kantin magani. Tana gaisuwa da ladabi, tana wanke abin da ta ɓata, ba ta kai ƙara wurin miji. Sakatare ta yi wata shida tana neman laifinta ba ta samu ba, wannan kuwa shi ya fi komai ƙona mata rai.

Ɗan ya saya wa ubansa babbar waya irin ta shafawa. Cikin Asabar biyu surukar ta kwashe duk awon da ke cikin littattafan ta zuba a wayar, kowane mutum da sunansa. Aka ɗaure littattafan da igiya aka kai ɗakin ajiya, gara ta yi bikinta a kansu. Daga nan kiran da ke fitowa daga shago ya canza.

"Injiniya! Zo ki ga, abin nan ya ɓace mini!"

Ranar da Sakatare ta fara jin wannan suna tana tsince shinkafa ne, sai da ta ajiye tiren.

"Wace ce kuma Injiniya?"

"'Yata mana. Kin ga yadda take shafa abin nan? Kamar tare aka haife su."

"Mai sayar da maganin tari ce dai."

"To ke ma ai ba ki taɓa tuƙa mota ba, kika shekara talatin a kamfanin motoci."

"Da ɗaya," ta ce. "Talatin da ɗaya."

Abin bai tsaya a gida ba. Matan layi da suka saba miƙo mata takarda sai suka koma miƙo waya, suna gaishe ta a tsaitsaye, idonsu na leƙen bayanta. Ta zama kamar labulen ƙofa, a ɗaga ta a wuce. Sau biyu surukar ta ce, "Mama, ki zo in nuna miki, wallahi ba wuya." Sau biyu Sakatare ta ce idonta na ciwo. Ba ciwon da yake yi. Tana zaune a gefe tana kallon yatsan mijinta duk lokacin da zai buɗe wayar, har ta haddace zanen da yake ja: ƙasa, dama, sama.

Ana nan sai Tela ya sami aikin da ya daɗe bai samu irinsa ba: kayan aiki na masu gadin wata masana'anta, mutum ashirin da shida, riga da wando, a kai ranar Litinin. Kwana biyu ya yi yana zuwa can yana auna su tsakanin masu aikin safe da masu aikin yamma, yana shigar da lambobin a waya da kansa kamar yadda aka koya masa. Ranar Alhamis da hantsi ya tafi kasuwa sayen maɓallai da zare, ya bar wayar tana caji a kan teburin yanka.

Sakatare ta shiga share ƙyallaye. Ta share rabi, ta jingine tsintsiya, ta sa tabarau. Ƙasa, dama, sama. Wayar ta buɗe.

Niyyarta ta ga awon nan kawai, ta ga ko an kwafe mata lambobinta daidai. Ba ta san inda suke ba. Ta taɓa nan, ta taɓa can, wani shafin labarai ya buɗe, kafin ta karanta layi biyu fuskar wayar ta yi ja wur, ta hau ɓari a hannunta. Ga hoton garkuwa mai walƙiya a tsakiya, ga agogo a sama yana ƙirga daƙiƙa yana yin baya. An rubuta da manyan baƙaƙe:

WAYARKA TANA CIKIN HAƊARI! AN GANO ƘWAYOYIN CUTA 17! DANNA NAN YANZU MU YI GARKUWA DA WAYARKA KYAUTA.

Wata tsohuwar in ta ga wannan, tsoro za ta ji. Sakatare daɗi ta ji, irin wanda rabonta da shi tun ranar da ta kama manaja na shida ya rubuta sunan kamfaninsa ba daidai ba. Ƙwayoyin cuta goma sha bakwai! A ƙarƙashin hancin Injiniya, mai sayar da magani! Kullum wayar na hannunta tana shafawa, ashe cuta ta yi gida har ta hayayyafa ba ta sani ba.

Ta danna. Aka tambaye ta ko ta yarda, ta yarda. Aka sake tambaya, ta sake yarda. Sau huɗu aka tambaye ta, ba ta bar ko ɗaya ba, don a iliminta fom ɗin da aka bar wa gurbi dawo da shi ake yi. Wani koren layi ya ja jiki daga hagu zuwa dama, sai rubutu ya fito cewa wayar ta warke. Ta mayar da ita kan caji daidai yadda ta same ta, ta ƙarasa shara har ƙarƙashin keken ɗinki. Ta ma shirya yadda za ta faɗa: ba yau ba, sai an zauna cin abinci gaba ɗaya, ta ce a hankali kamar ba komai ba, "Af, na manta, na cire wa wayar nan cuta sha bakwai."

Tela ya dawo da azahar, ya shimfiɗa yadi a tebur, ya ɗauki alli, ya jawo waya don ya ga awon mutum na farko. Babu awo, babu komai. Hoton kwaɗon kulle ƙofa ne ya cika fuskar, da rubutu a ƙasa cewa an kulle wayar, sai an biya za a buɗe. Ya kashe ya kunna, kwaɗon na nan.

"Injiniya!" ya ƙwala.

"Tana wurin aiki," in ji Sakatare daga bakin ƙofa.

"Kash. To sai ta dawo."

Ya zauna a kujerar keke, waya a cinya, yadi a shimfiɗe, alli a hannu. Matar da ta karanta wa layin nan takardu shekara arba'in tana tsaye taku uku daga gare shi, bai ce ta zo ta karanta masa abin da aka rubuta ba. Bai zo masa a rai ba ma.

Surukar ta dawo ƙarfe biyar, ko jaka ba ta ajiye ba ta kai wayar wurin mai gyara a bakin titi. Hukunci ɗaya ne: kada a biya ko sisi, don ko an biya ba buɗewa za su yi ba; sai dai a wanke wayar tas, duk abin da ke ciki ya tafi. Awon masu gadi, da na mutanen da suka shekara ashirin suna aiko da yadi daga nesa ba tare da sun zo ba, duk a cikin wayar kaɗai suke.

A kicin surukar ta sami Sakatare tana yanka albasa. Ta ajiye mata tabarau a gefen faranti.

"A teburin Baba na gani, Mama. Ƙarƙashin yadi."

Sakatare ta ci gaba da yanka albasarta.

"Me suka rubuta kafin ki danna? Don in san irinsa ne kawai."

Ƙwaƙwalwar mai tafireta ba ta zubar da kalma. Ta maimaita mata tiryan-tiryan, har da adadin cutar.

"Mu yi garkuwa da wayarka," surukar ta maimaita a hankali. "Da ita, Mama?"

Wuƙar ta tsaya. Sai yanzu Sakatare ta ji shi da kunne. Mai kare ka yakan zama garkuwa gare ka. Wanda ya yi garkuwa da kai kuwa, kowa ya san abin da yake nema kafin ya sake ka. Ko injin fassara ne ya yi musu kuskure, ko ɓarayin ne suka ga ba amfanin ɓoyewa, oho. Sun dai faɗi abin da za su yi, da manyan baƙaƙe, ita kuma da ba waƙafin da ya taɓa tsere mata ta tsallake kalma sukutum saboda tana sauri ta kunyata yarinya.

"Mutane da yawa suna faɗawa," in ji surukar. "Har likitoci. Ba cutar komai a wayar, hoton ne kawai suke nuna wa kowa. Ki bar mini Baba, zan san abin da zan ce."

"Ban sa ki ba."

"Na sani, Mama."

Da aka zauna cin abinci, Tela ya kasa kai loma. Surukar ta durƙusa gefensa ta ce abin yakan shigo da kansa, kuma laifinta ne, da ta ajiye awon a wuri biyu da ba a kai ga haka ba. Ɗan ya buɗe baki zai yi faɗa, uban ya ɗaga masa hannu.

"Kul. Ba ruwanka da 'yata. Tashi, Injiniya, tashi. Wanda ba ya aiki shi ne ba ya kuskure. Gobe ki roƙi izini a wurin aiki, mu je mu sake auna ƙattin nan, ni ina aunawa kina shigarwa."

Har ya tura mata naman da ke gabansa. Sakatare ta dubi naman nan yana tafiya. Wato ko laifin ma ba za a bar mata ba.

"Ni na danna," ta ce.

Duk suka juyo gare ta.

"Ni na buɗe ta, na ga tallar, na danna, na yarda sau huɗu. Ni na kulle maka waya."

Tela ya dube ta, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariyar farko ke nan da ya yi tun azahar, har da share ƙwalla.

"Ke? Sakatare, ke da in wayar ta yi ƙara kike kawo mini ita a tafin hannu kamar garwashi?"

"Na ce maka ni ce. Tambaye ta."

Surukar ta sunkuyar da kai tana juya cokali.

"Ka gani?" ya ce wa ɗansa. "Uwarka ke nan. Baki kamar reza, ciki kamar auduga. Tana son ta ɗauke wa yarinya laifi ne. Na daɗe da sanin tana ƙaunarta, nunawa ce ba ta iya ba. Allah ya yi miki albarka, Sakatare. Ci abincinki."

Kayan masu gadi sun makara da kwana huɗu, amma an karɓa. Tela kuwa bai bar labarin a gida ba. Duk wanda ya zo a sake auna shi sai ya ji yadda matarsa ta yi wa kanta ƙarya don ta rufa wa surukarta asiri. Kafin wata ya ƙare, matan layi suna kafa misali da ita in za su yi wa uwayen mazansu gori. Ta musa har ta gaji. Duk musun da ta yi sai a ce kawaici ne irin na manya.

Ranar Talatar nan ma matar wani mai kanti a layin ta shigo, ta durƙusa har ƙasa, ta ce ina ma ita ta dace da uwar miji irinta. Sakatare ta amsa da "uhm". Matar ta gyara zama, ta zaro waya daga jaka, ta leƙa bayan Sakatare wajen ɗakunan baya.

"Injiniya tana ciki kuwa?"