Ruwan Wankan Adda

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a Poumpoumré cikin Garoua, kuma ni ake kira in mace ta rasu a layinmu. Wankan gawa wurin kakata na gada, ina kuma ji da kaina a kansa, ba mai koya mini.

Wata damina da cutar amai da gudawa ta shigo gari, Adda, yayata mai sarin kifi a Maga, ta sauka gidana tana riƙe da ciki. Maigida ya ce mu kai ta lofital, wato asibiti, na ce sam. Na ji mata suna cewa duk wanda ya cika a can, ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta ake fesa masa a cusa shi a leda, ba wanka ba likkafani. Adda ma ta kama bakin zanena tana roƙona, don Allah kada in bari a binne ta kamar ba Musulma ba. Kwana ɗaya ta yi ta cika. Na wanke ta da hannuna, na zubar da ruwan a gindin mangwaro, taku kaɗan daga rijiyarmu. Na ɗauraye hannu, na dama wa masu gaisuwa kunu.

Rana ta uku 'yata mai shekara huɗu ta fara. Kafin azahar idanunta sun zurma, ko kuka ba ta iyawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na goya ta ba takalmi, na tare mai babur sai lofital, ina jin ruwan jikinta yana bin bayana. Ma'aikaciyar da ta karɓe ta, da hijabinta, ta sa mata ƙarin ruwa. Da na faɗa mata abin da na yi ba ta zage ni ba. Ta ce ai su ma suna wankan, da safar hannu da jabel, a sa likkafani, liman ya sallace.

'Yata ta tashi. Maƙwabciyata mai 'ya'ya biyar, wadda ta sha kunun nan ita ma ta kamu, ba ta tashi ba. A can lofital aka wanke ta aka sallace ta, ina raɓe a bakin ƙofa ina kallo.

Na ɗauka addini nake karewa, ashe jita-jita na bi da girman kai. 'Yan'uwa mata, in cutar nan ta shigo, ku kai mara lafiya, ku tambaya da bakinku. Ni ban tambaya ba, kuma kullum 'ya'yanta biyar suna gaishe ni a ƙofar gida.